Daga Samaru Zuwa Sabon Gari: Tarihin Kurakurai Biyu da Ke Bin Kowane Gwaji

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau da abin kunyar kaina zan fara, don shi ya haifi wannan shiri gaba ɗaya.

A shekarata ta ƙarshe ta karatun aikin gona a Samaru, binciken da na yi shi ne kwatanta irin masara biyu: wanda mutanenmu suka saba shukawa, da wani sabo. Na yanka fili gida takwas, fuloti huɗu na wannan, huɗu na wancan. Na shuka, na nome, na zuba taki, da kaka na auna. Sabon irin ya ɗan rinjaya a sikeli, amma da na zuba alƙaluman a kwamfuta sai ta nuna min bambancin bai kai mizanin da za a amince da shi ba. Na rubuta hakan, na ci jarrabawata, na wuce.

Da na je gida, sai na tarar Baffana yana shawarar sayar da akuya ya sayi sabon irin. Ya ce, "Kai da ka yi karatun abin, me ka gani?" Na gyara zama irin na ɗan jami'a, na ce, "Baffa, kada ku wahalar da kanku. Mun gwada, babu bambanci." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Gona nawa kuka gwada?" Na ce fuloti huɗu-huɗu. "Damina nawa?" Na ce ɗaya. Sai ya ce, "To ɗan nan, babu ne, ko kuwa ba ka gani ba ne?"

Na rasa ta cewa. Daga baya ne na gane ashe tambayar Baffa tana da tarihi, har manyan masana lissafi sun shekara fiye da 20 suna faɗa a kanta. Wannan tarihin nake so mu bi yau, kuma a nan gida za mu bi shi, a kan hanyar da ke tsakanin Samaru da kasuwar Sabon Gari.

Mu fara da Samaru. Turawan mulki sun shigo Arewa da auduga a ransu. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Mancesta, garin masaƙu, kuma suna kallon ƙasar Zazzau da Kano a matsayin gonar da za ta ciyar da injinansu. Layin dogo ya ratso Zariya ya isa Kano a 1911, Sabon Garin Zariya ya tashi a gefen tashar jirgin, aka kafa injin gurzar auduga a garin, aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen. A 1922 kuma aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, a ƙarƙashin sashen noma na lardunan Arewa. Ita ce yau muke kira IAR, inda sunayen iri kamar SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake da SAMCOT na auduga suka samo asali. Wannan SAM ɗin da ke farkon sunan, Samaru ke nan.

Aikin irin wannan tasha tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa: wannan ya fi wancan? Wannan iri ya fi wancan? Wannan taki ya fi wancan? Shukar Yuni ta fi ta Yuli? Tambayar da sauƙi a baki, amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Nan tsohon suri ne, can ƙarƙashin gawo ne, can shanu sun taɓa kwana, can kuma ruwa ke kwanciya. Ka shuka iri ɗaya tak a fuloti biyu masu maƙwabtaka, ba za su ba ka awo ɗaya ba. To idan ka shuka iri biyu ka ga bambanci, ta yaya za ka san na irin ne ko na ƙasar?

Wannan matsala ba ta Samaru kaɗai ba ce. A Ingila akwai wata tsohuwar tashar bincike mai suna Rothamsted, wadda John Bennet Lawes ya kafa a 1843. Akwai gonar alkamar da aka fara gwajin taki a kanta tun wannan shekara, kuma har gobe ana yi. Alƙaluma suka taru musu jibgi, sai a 1919, wato shekara 3 kafin a buɗe Samaru, suka ɗauki wani matashin masanin lissafi, Ronald Fisher, ya duba musu ko akwai abin da za a tsinta a ciki.

Abin da Fisher ya koyar da duniya ana iya taƙaita shi a uku. Na ɗaya, maimaita: kada ka gwada a fuloti ɗaya. Na biyu, jefa ƙuri'a: kada ka zaɓi inda kowane iri zai zauna da hannunka, don zuciya za ta kai wanda kake so wuri mai kyau. Na uku, fara da zaton cewa babu bambanci, sannan ka tambayi kanka: in da gaske babu, sau nawa sa'a kaɗai za ta ba ni tazara mai girman wadda na gani? Idan abin ba ya faruwa sai ƙasa da sau 1 cikin 20, to ka yi watsi da zaton babu. Wannan shi ne asalin 0.05 ɗin nan da kowane ɗalibi yake nema ido rufe. Littafinsa na 1925 ne ya yaɗa shi.

A wani littafin nasa na 1935 ya kawo misalin da masu shayin Samaru za su so. Wata mata ta ce in ta kurɓi shayi tana iya gane ko madara aka fara zubawa ko ruwan shayin. Fisher ya ce a haɗa kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a jera su bisa ƙuri'a, ta ware. Hanyoyin ware huɗu daga cikin takwas guda 70 ne, ɗaya ce kawai daidai. Ke nan mai canki-canka zai dace sau 1 ne cikin 70. In ta ware daidai, da wuya a ce sa'a ce.

Kun ga wannan tsari yana tsare mu daga kuskure guda: mu ce akwai alhali babu. Amma ku duba ta ɗaya gefen. A ce matar nan da gaske tana ganewa, sai dai ba kullum ba, wani lokaci harshenta na ruɗewa. Ta kuskure kofi ɗaya, ta faɗi jarrabawar. Shin mun tabbatar ba ta iya ba ke nan? A'a. Kofi takwas ne suka yi kaɗan su nuna iyawarta. Tambayar Baffa ce dai ta dawo.

Don mu fahimci wannan gefen, mu bar Samaru, mu hau mota mu bi ta Palladan da Kwangila da PZ, mu sauka kasuwar Sabon Gari wajen 'yan hatsi.

A ce za ka sayi buhun wake. Ba za ka zazzage shi ka duba ƙwaya-ƙwaya ba, samfur za ka ɗiba. Mu ƙaddara buhu mai kyau shi ne wanda ƙwari suka huda ƙwaya 1 cikin 100, wannan kowa zai haƙura da shi. Buhu marar kyau kuma 5 cikin 100. Kuskure biyu ke jiranka. Na ɗaya, ka ƙi buhu mai kyau, ka ɓata wa Alhaji suna a banza, ka rasa kaya mai araha. Na biyu, ka karɓi marar kyau, ka kai gida ƙwari su gama da shi kafin bazara.

Ka ɗebi ƙwaya 10, ka ce in na ga huda ko ɗaya na fasa. Lissafi ya nuna za ka ƙi buhu mai kyau kusan sau 10 cikin 100, kuma marar kyau zai wuce ka kusan sau 60 cikin 100, don sau da yawa ƙwaya goman nan ba za su haɗa da mai huda ba. Sai ka ce, to bari in daina zargin bayin Allah, sai na ga huda biyu zan fasa. Madalla, yanzu ƙin buhu mai kyau ya koma ƙasa da sau 1 cikin 100. Amma marar kyau zai wuce ka sau 91 cikin 100. Ka danne wannan kuskure, wancan ya ɗaga, kamar sikelin mai nama.

Mafita ɗaya ce: ƙara samfur. Ka cika tafin hannunka, ƙwaya 200, ka ce in na ga huda 6 ko fiye na fasa. Yanzu ƙin mai kyau bai kai sau 2 cikin 100 ba, wucewar marar kyau kuma kusan sau 6 ne kacal cikin 100. Duka biyun sun sauka tare. Shi ya sa tsohon ɗan kasuwa ba ya ɗiba daga bakin buhu kawai, sai ya soka ƙarfe a sama da tsakiya da ƙasa, ya baza a tafinsa ya duba da kyau.

Waɗanda suka mayar da wannan hikima lissafi mutum biyu ne: Jerzy Neyman, ɗan ƙasar Folan, wanda shi ma a cibiyar binciken noma ya fara aikin ƙididdiga, da Egon Pearson, Bature ɗan Ingila. A rubuce-rubucensu na 1928 da 1933 suka raba kurakuran gida biyu. Kuskure nau'i na ɗaya: ka ga abin da babu. Kuskure nau'i na biyu: abu yana nan ka kasa ganinsa. Yau ana yi wa yiwuwar na farko laƙabi da alfa, na biyu kuma beta. Sannan suka kawo abin da ake kira ƙarfin gwaji, wato in da gaske akwai bambanci mai girma kaza, sau nawa cikin 100 gwajinka zai kama shi? A misalin wakenmu, ƙwaya 10 ƙarfinsu 40 ne cikin 100, ƙwaya 200 kuma kusan 94.

Abu huɗu ke juya ƙarfin gwaji: yawan samfur, girman bambancin da kake nema, yawan hargitsin da ke cikin awon kansa, da tsaurin mizanin da ka kafa. Giwa ko da ƙyaftawar ido za ka gan ta. Allura a cikin yashi kuwa sai da rariya da haƙuri.

Za ku zaci Fisher zai yi murna da wannan ƙari. Ina! A watan Maris na 1935 Neyman ya gabatar da takarda kan matsalolin ƙididdiga a gwaje-gwajen noma a gaban ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila, ya taɓa wasu tsare-tsaren Fisher, Fisher ya tashi ya yi masa kaca-kaca a bainar jama'a. A lokacin gini ɗaya suke aiki a wata kwaleji a Landan. Neyman ya koma Amurka a 1938, amma faɗan bai mutu ba. Har a 1955 Fisher yana rubuta cewa tsarin nasu ya fi dacewa da masana'anta da harkar karɓa ko ƙin kaya, ba da neman ilimi ba. Da Hausa dai, cewa yake yi lissafin 'yan kasuwa ne.

Ni kuwa a ganina nan ne darajarsa take. Mai bincike yana iya cewa hujja ba ta isa ba, sai baɗi. Manomi ba shi da wannan dama. Ruwa ya sauka, dole gobe ya shuka wani abu, ko tsohon iri ko sabo. Rashin yanke hukunci ma hukunci ne a wurinsa. Saboda haka dole a tambaya: in mun yi kuskure, wanne ne, kuma wa zai biya? In tasha ta ce sabon iri ya fi alhali bai fi ba, Baffa ya yi asarar akuya. In ta ce ba ta ga bambanci ba alhali akwai, Baffa da dubban irinsa sun yi asarar buhunan da ba su ma san sun rasa ba. Kuskuren farko yana da ƙara, kowa zai ji, a zagi malamin gona. Na biyu shiru yake yi, shi ya sa ya fi daɗewa.

Mu koma Samaru, don akwai wani fili a can da ya nuna yadda ake sayen ƙarfin gwaji da dabara. A 1950 aka kafa gwajin taki na dogon zango, bisa koyi da na Rothamsted, wanda ake kira DNPK. Abu huɗu ake gwadawa: takin shanu, da sinadarai uku na takin zamani, wato naitirojin, fosfaras da fotashiyam, waɗanda muke gani a jikin buhu an rubuta NPK. Kowanne a mataki uku: babu, kaɗan, da yawa. Uku sau uku sau uku sau uku, 81. Fuloti 81 ke nan, kowane haɗi da nasa.

Wani zai ce, ai kowane haɗi sau ɗaya ya fito, ina maimaicin? Yana ɓoye a ciki. In kana son sanin aikin fosfaras, fuloti 27 ba su samu ba, 27 sun samu kaɗan, 27 sun samu da yawa. Haka in ka juya kan takin shanu, 27 ne a kowane mataki. Fili ɗaya, tambaya huɗu, kowacce da shaidu 27 a kowane ɓangare, ga kuma damar ganin yadda wani taki ke taimakon wani. Wannan salo na yi wa gona tambayoyi da yawa a lokaci guda, Fisher da magajinsa Frank Yates ne suka gina shi a Rothamsted.

Sai kuma shekaru. Akwai abin da damina ɗaya ba za ta taɓa nunawa ba komai yawan fuloti. Binciken da aka yi ta yi a kan ƙasar wannan fili ya nuna cewa inda aka daɗe ana zuba takin zamani mai naitirojin shi kaɗai, ƙasa na yin tsami, kuma ruɓaɓɓen abin da ke riƙe mata rai yana raguwa, inda aka haɗa da takin shanu kuwa ta fi riƙe ƙarfinta. Canji ne na sannu-sannu. Da a damina biyu aka tsaya, da an rubuta ba a ga bambanci ba, kuma da an yi kuskure nau'i na biyu.

Shekarar 1962 ta haɗa abubuwa uku a labarin nan. A watan Yuli Fisher ya rasu a Ostireliya. A watan Oktoba Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe, tashar Samaru ta koma ƙarƙashinta. A shekarar ce kuma wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jacob Cohen, ya ɗauki bincike 70 da aka buga a wata babbar mujallar fanninsu, ya auna ƙarfinsu. Ya tarar in bambancin matsakaici ne, damar kama shi ba ta kai rabi ba, kusan 48 cikin 100. In ƙarami ne, kusan 18. Wato masana suna fita farauta da makamin da ya fi kuskure yawa a kan samu. Cohen ne ya yaɗa al'adar nan ta cewa a nemi ƙarfin 80 cikin 100 tun kafin a fara aiki.

A fannin lafiya ma haka. A 1978 wasu masu bincike suka duba gwajin magani 71 da aka kammala da cewa ba a ga amfani ba. Suka tarar 67 daga ciki marasa lafiyar da aka sa sun yi kaɗan, ta yadda ko da maganin yana kyautata sakamako da kashi 25 cikin 100, akwai babban haɗarin gwajin ya wuce bai gani ba. A nan kuskure na biyu ba buhu ba ne, rai ne.

Yanzu bari in yi wa nawa binciken hisabi. Mu ƙaddara fulotan masara, ko da iri ɗaya ne, awonsu yana kai-komo da kusan kashi 15 cikin 100 saboda bambancin ƙasa, wanda ba baƙon abu ba ne a gwajin gona. Mu ƙaddara kuma sabon irin da gaske ya fi da kashi 10 cikin 100, wato mai samun buhu 20 zai samu 22. Buhu biyu ba wasa ba ne a gidan Baffa. Da fuloti huɗu-huɗu, damar gwajina ya kama wannan bambanci ba ta kai 1 cikin 5 ba. Don in kai ƙarfin 80 cikin 100, ina bukatar fuloti wajen 36 ga kowane iri. In kuma bambancin rabin haka ne, sai na ninka fulotan sau huɗu. Ashe tun ranar da na yanka filin, kafin in jefa ƙwaya ɗaya a rami, amsar ba a gani ba ta riga ta fi kusa da ni. Gaskiyar da ya kamata in faɗa wa Baffa ita ce: gwajina bai isa ya raba gardamar ba.

Kada kuma a ɗauka kuskure na farko ya mutu. In ka auna abu 20 a gwaji ɗaya, tsayin kara, faɗin ganye, tsawon goyo da sauransu, alhali babu bambancin komai, damar aƙalla ɗaya ya tsallake 0.05 bisa sa'a kawai ta kai kusan 64 cikin 100. Ɗalibi ya ɗauki wannan ɗayan ya sa a kan gaba, ya ɓoye 19. Mun san ana yi.

Saura labari ɗaya, kuma a tsakiyar hanyarmu ya faru. Shekara da shekaru, yawancin gwaje-gwaje da shawarwarin da ke fita daga tasha a kan shuka amfani ɗaya a gona suke: dawa zalla, gyaɗa zalla, auduga zalla. Manoman Zazzau kuwa suna ta haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ana yi musu kallon masu taurin kai. A 1965 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya zo Samaru. A 1966 zuwa 1967 shi da ma'aikatansa suka bi gidajen manoma 124 a ƙauyuka uku: Ɗan Mahawayi, Doka da Hanwa. E, Hanwar nan da gari ya haɗiye yanzu, wadda muke wucewa tsakanin Samaru da Sabon Gari. Shekara guda cur ana komawa gidajen nan a kai a kai, ana rubuta wa ya yi aiki, awa nawa, a wace gona, me aka girbe.

Abin da suka gano shi ne mafi yawan filin da ake nomawa gauraye ne, kuma manoman sun san abin da suke yi. Gaskiya ne dawar da aka haɗa ba ta kai dawa zalla yawa ba. Amma in ka tara duk abin da gonar ta bayar, gaurayen ya fi daraja a kowace eka. Ya fi biyan wahala a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noman farko da maimai ke cin kowane hannu a gida. Kuma ya fi tabbas: gero ya nuna da wuri lokacin da rumbu ya yi ƙasa, in ruwa ya yanke wa wannan, wancan ya tsira. Norman ya buga wannan a 1974, masana shuka na Samaru irin su Andrews da Baker suka yi gwaje-gwajen gauraye a fili, aikin kuma ya zama ɗaya daga tushen salon binciken da ke farawa daga gonar manomi, wanda ya bazu a duniya.

Ku lura, tsofaffin gwaje-gwajen ba ƙarya suka yi ba. In tambayar ita ce ta yaya dawa za ta fi yawa a eka, amsarsu daidai ce. Sai dai ba ita ce tambayar manomi ba. Tasa ita ce ta yaya gidana zai ci har kaka ta zagayo, da hannayen da nake da su. Wani masanin ƙididdiga mai suna Kimball ya ba irin wannan suna tun 1957: kuskure nau'i na uku, wato ba da amsa daidai ga tambayar da ba ita ba ce. Wannan ko fuloti dubu ba sa maganinsa. Maganinsa a je Hanwa a zauna a kan tabarma a saurara.

To jama'a, me za mu ɗauka mu tafi da shi? Kullum muna cin karo da bincike ya nuna a Facebook da WhatsApp: maganin kaza ba ya aiki, abincin kaza na kawo kaza. In an ce an ga bambanci, ku tambaya abu nawa aka auna kafin a samu wannan ɗin, kuma an maimaita a wani wuri? In an ce ba a ga bambanci ba, ku tambaya mutum nawa, fuloti nawa, damina nawa, kuma wane girman bambanci gwajin zai iya kamawa tun farko? Sannan ku tambaya ko abin da aka auna shi ne abin da ya dami mutane.

Ku kuma ƙannena da ke shirin binciken shekarar ƙarshe, ku yi lissafin ƙarfin gwajinku kafin ku sayi iri ko ku buga takardar tambayoyi, ba bayan an gama ba. In kuɗinku ba zai kai samfurin da ake bukata ba, ku rage yawan abubuwan da kuke kwatantawa, ko ku haɗa hannu da abokai ku yi gwaji ɗaya a wurare da yawa. In kuma sakamako ya fito ba bambanci, ku rubuta shi yadda yake: ga tazarar da muka gani, ga iyakar abin da gwajinmu zai iya gani. Wannan ba faɗuwa ba ce.

Baffa dai bai sayar da akuyar ba a shekarar. Abin da ya yi, ya sayi mudu ɗaya na sabon irin, ya raba shi gonakinsa uku, kunya-kunya a gefen tsohon, ya ce zai duba damina uku kafin ya yanke. Ya kuma ce wa maƙwabtansa biyu su yi haka su riƙa haɗa labari. Bai taɓa jin sunan Neyman ba.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, musamman waɗanda suka taɓa aiki a filayen gwaji na Samaru ko suke sana'ar hatsi a Sabon Gari: ƙwaya nawa kuke dubawa kafin ku yarda da buhu? Sai mun haɗu a shiri na gaba.